Motar da ba ta da fistan: Abin da ya kamata a sani kafin sayen Mazda mai injin rotari

Duk wanda ya saba leƙa shafukan gwanjon motoci na Amurka da Turai, ko yake zagaya filayen dillalai a manyan biranen ƙasar nan, wataƙila ya taɓa cin karo da wata mota mai ƙirar motocin tsere, wadda ta kwanta ƙasa, ƙofofinta na baya ƙanana kuma suna buɗewa ta baibai. Sunanta Mazda RX-8. Abin da ya fi jan hankalin mai kallo shi ne farashinta, domin sau da yawa ba ta kai tsadar motocin da ba su kama ƙafarta a kyau da gudu ba.

Dalilin wannan araha yana ƙarƙashin bonet. Injin da ke ciki ba shi da fistan, ba shi da bawul irin na sauran motoci, kuma an ƙera shi ne a kan ya riƙa ƙona baƙin mai da gangan. Ana kiran sa injin rotari, wato inji mai juyawa. Wanda ya sayi motar ya riƙe ta kamar yadda yake riƙe Corolla ko tsohuwar Peugeot ɗinsa, ba da jimawa ba zai tarar kuɗin gyara ya haura kuɗin saye. Wanda kuwa ya fahimci halinta tun kafin ya biya, yana iya morar ta shekara da shekaru.

Daga Jamus zuwa Hiroshima

Bajamushe ne mai suna Felix Wankel, wanda aka haifa a 1902, ya fito da dabarar wannan inji. Samfurin farko ya tashi a 1957 a masana’antar kamfanin NSU na Jamus, kuma a 1964 kamfanin ya fitar da mota ta farko da aka sayar wa jama’a da shi. A 1967 ya biyo da Ro 80, motar da aka zaɓa gwarzuwar shekara a Turai, amma da yawa daga injinanta na farko kan lalace tun ba su cika kilomita 50,000 ba. Kuɗin sauya wa masu saye inji ya durƙusar da NSU, har a 1969 aka haɗe shi da wani reshen Volkswagen, haɗakar da ta zama Audi ta yau. General Motors da Mercedes-Benz da Citroën duk sun gwada sa’arsu, suka haƙura.

Kamfani ɗaya ne ya dage, shi ne Toyo Kogyo na birnin Hiroshima a Japan, wanda yanzu ake kira Mazda. Ya sayi lasisi daga NSU a 1961, a lokacin da yake neman wata fasaha tasa ta kansa da za ta hana a haɗiye shi cikin manyan kamfanonin ƙasar. An ɗora wa injiniya Kenichi Yamamoto jagorancin tawagar mutum 47, suka shafe shekaru suna fama da wani karce da kan bayyana a bangon injin, wanda suka laƙaba wa suna sawun farcen shaiɗan. A 1967 suka fitar da Cosmo Sport.

Daga nan sai RX-7, wadda ta fito a 1978 ta yi zamani uku har zuwa 2002, aka ƙera sama da 800,000. A 1991 motar tsere ta Mazda mai lamba 787B ta lashe gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa, karo na farko da wani kamfanin Japan ya yi hakan. RX-8 ita ce ’yar auta. An fara ƙera ta a 2003, dokar hayaƙi ta kore ta daga kasuwar Turai a 2010, aka rufe ƙerawa gaba ɗaya a 2012. Saboda haka duk wadda mutum zai samu a yau tsohuwa ce, ta riga ta ratsa hannaye.

Yadda injin yake aiki

A injin da aka saba da shi, fistan yana hawa da sauka a cikin silinda, sannan a mayar da wannan motsi ya koma juyi. A rotari kuwa, juyin ake yi kai-tsaye. Mai karatu ya ƙaddara wani ɗaki na ƙarfe mai siffar ɓawon gyaɗa mai ƙwaya biyu, wanda ƙugunsa ya ɗan tsuke. A cikinsa akwai wani dunƙulen ƙarfe mai kusurwa uku, gefunansa sun ɗan kumbura, shi ake kira rota. Rotar tana zagayawa, kusurwoyinta uku suna goga bangon ɗakin ba tare da sun rabu da shi ba, ta haka sai su raba ɗakin gida uku. Yayin da take juyawa, kowane gida yana buɗewa yana tsukewa: ya shaƙi iska da fetur, ya matse su, fulogi ya ba da wuta, sannan ya amayar da hayaƙi. Ayyukan nan huɗu suna gudana a wurare daban-daban na ɗakin.

Injin RX-8 yana da rota biyu, kowace da girman sisi 654, jimilla 1,308, wato lita 1.3 a takarda. Duk da haka samfurin Turai mai giya shida yana ba da ƙarfin doki kusan 230, abin da injin fistan mai wannan girma ba ya kusantarsa sai da turbo. Manyan sassa masu motsi uku ne kacal: rota biyu da sandar tsakiya da suke juyawa. Sandar tana juyi uku kafin rota ta yi ɗaya, shi ya sa injin ke kaiwa juyi 9,000 a minti ba tare da jijjiga ba. Ƙanƙantarsa ta sa aka iya tura shi can bayan layin tayoyin gaba, nauyin motar ya rabu daidai tsakanin gaba da baya, abin da ya sa take kwanciya a kwana kamar an ɗora ta a kan layin dogo. Masana sun zaɓi wannan inji, da ake kira Renesis, gwarzon inji na duniya a 2003.

Inda ƙarfinsa yake, nan rauninsa yake

A kan kowace kusurwa ta rota akwai wani siririn ƙarfe mai kaurin milimita 2, wanda aikinsa shi ne toshe tsakanin gida da gida don kada matsi ya zurare. ’Yan kasuwar kayan gyara suna kiran sa efes sil, mu kira shi matoshin kusurwa. Shi ne madadin ringin fistan, kuma guda shida ne a injin. Bambancin shi ne ringi yana samun baƙin mai daga ƙasa, shi kuwa matoshin kusurwa yana can cikin wuta, inda mai ba ya kaiwa. Don haka aka sa wani ƙaramin famfo da ke ɗebo baƙin mai daga cikin injin yana ɗiga shi a ɗakin ƙonewa, ya shafa wa matosan, sannan ya ƙone tare da fetur. Raguwar baƙin mai a wannan mota ba alamar lalacewa ba ce. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Rauni na biyu shi ne zafi. A injin fistan, wuri ɗaya ne ke karɓar iska mai sanyi sannan ya karɓi wuta, sai zafin ya daidaita. A rotari, gefe ɗaya na ɗakin kullum cikin wuta yake, ɗayan kullum cikin sanyi. Bugu da ƙari, an gina injin ne hawa-hawa, falle biyar: gidajen rota biyu na alminiyam da faifai uku na baƙin ƙarfe, an ɗaure su da dogayen kusoshi, tsakaninsu akwai zoben roba da ke hana ruwan sanyaya shiga ɗakin wuta. Alminiyam da baƙin ƙarfe ba sa buɗewa daidai idan sun yi zafi. Tafasa ɗaya tak tana iya lanƙwasa falle ko ta ƙona robar, kuma babu yadda za a sauya ta sai an sauke injin an warware shi gaba ɗaya.

Na uku, ɗakin ƙonewar dogo ne kuma siriri, wuta ba ta cinye fetur ɗin duka. Wannan shi ne asalin shan man motar, shi ne kuma ke tara kunkunniya, wato baƙar dauɗar hayaƙi, a jikin rota. Idan dauɗar ta taru takan maƙale matosan a cikin raminsu, su kasa manne wa bango, matsi ya zube.

Shi kansa kamfanin ya san da matsalar. A Amurka ya tsawaita garantin injin motocin 2004 zuwa 2008 ya kai shekara takwas ko mil 100,000, kimanin kilomita 160,000. A samfurin da ya fito daga 2009 kuma ya ƙara bakin ɗigar mai na uku a kowace rota, domin tsakiyar matoshin ba ya samun mai sosai a tsarin farko. Wannan ne ya sa masana suka fi son motocin 2009 zuwa sama.

Kafin a biya kuɗi

Abu na farko takarda ce. Jerin kayan da Hukumar Kwastam ta hana shigowa da su ya ƙunshi motocin da suka haura shekara 12 da ƙerawa, kuma RX-8 ta ƙarshe ta fito ne a 2012. Haka nan motocin da aka yi wa kasuwar Japan da Ingila sitiyarinsu a dama yake, alhali Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma doka ba ta yarda da irin wannan sitiyari ba. Duk wanda aka yi wa tayin shigo masa da ita, ya fara tantance matsayin doka kafin ya tura ko sisi. Wadda ke cikin ƙasa kuwa, a duba takardun kwastam ɗinta da kyau.

Abu na biyu, kuma mafi muhimmanci, shi ne awon matsi. Fenti mai sheƙi da kujerun fata ba sa faɗin komai game da lafiyar rotari, haka ma ƙarancin kilomita a allo. Ma’aunin da makanikai ke amfani da shi a injin fistan yana riƙe lamba mafi girma ne kawai, don haka zai iya nuna lafiya alhali fuska biyu cikin uku sun mutu. Ana bukatar ma’auni na musamman mai ba da lamba uku ga kowace rota, shida ke nan, a yi awon injin yana da zafi, a kuma daidaita sakamakon da juyi 250 a minti. Ƙa’idar Mazda ita ce lafiyayyen inji ya ba da kilofaskal 830, wato psi 120, kuma mafi ƙarancin abin da za a karɓa shi ne 680, wato psi 99 ko kusa. Tazarar da ke tsakanin fuskokin rota ɗaya kada ta wuce 150, tsakanin rota da rota kuma kada ta wuce 100.

Idan ma’aunin bai samu ba, akwai gwajin da kowa zai iya yi. A tuƙa motar har ta yi zafi sosai, a kashe ta, a jira minti biyu ko uku, a sake tayarwa. Lafiyayyen inji zai kama nan take. Wanda ya daɗe yana gurnani kafin ya tashi, alhali da safe ya tashi ba gardama, to matsinsa ya soma tafiya. Dillali zai iya cewa batir ne, kuma wani lokaci da gaskiyarsa, amma mai saye ya yi ciniki a kan cewa injin ne har sai an tabbatar da akasin haka.

A kuma lura da farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi idan an tayar da ita da safe, ko kumfa da ke tasowa a tankin ruwa, ko ruwa da ke raguwa ba tare da an ga inda yake zuba ba. Duka alamu ne na cewa zoben robar ya ba da kai. A leƙa ƙarƙashin bamba a duba bututun da ke kai baƙin mai wurin sanyaya, domin motocin da suka zauna a yankunan da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara sukan yi tsatsa a nan. Sannan RX-8 tana cikin motocin da aka yi wa kiranye saboda jakar iska ta kamfanin Takata, ana iya bincikawa da lambar jikin motar ko an sauya tata.

Riƙon yau da kullum

Shawarar kamfanin ita ce a duba baƙin mai duk bayan shan fetur biyu, a ciko idan ya ragu. Mai wannan mota ba ya rabuwa da galan a but. A yi amfani da irin man da littafin motar ya ambata, a kuma riƙa yin juye da wuri, domin baƙin mai a rotari yana ɗauke da aiki biyu: shafawa da kuma sanyaya cikin rota. Wasu masu motar kan zuba ɗan man injin babur mai hayaƙi a tankin fetur domin ƙarin kariya ga matosan, kwatankwacin yadda ake haɗa wa ƙaramin janareta mai da fetur. Ba umarnin kamfani ba ne, al’ada ce ta masu riƙon motar, kuma ba ta maye gurbin famfon asali.

Sai batun shaƙewa. Idan aka tayar da injin da sanyi, ƙwaƙwalwar motar tana zuba fetur fiye da ƙima. In aka kashe shi kafin ya ɗumama, fetur ɗin zai wanke man da ke bangon ɗakin, ya jiƙa fulogi, motar ta ƙi tashi ƙememe. Abin da ke jawo haka ƙaramin abu ne: a fito da ita daga rumfa don a wanke, ko a matsar da ita don maƙwabci ya fita, ko dillali ya tayar wa mai kallo na minti ɗaya ya kashe. Ƙa’ida ita ce in an tayar, a bar ta ta kai zafinta. In kuwa ta riga ta shaƙe, a take totur har ƙasa sannan a murza makulli, domin a wannan yanayi ƙwaƙwalwar tana yanke fetur har ɗakin ya bushe.

Kowace rota tana da fulogi biyu, na gaba da na baya, kuma ba iri ɗaya ba ne, ba a musanya musu wuri. Kowane fulogi da koyil ɗinsa. Koyil ɗin RX-8 ba sa daɗewa, masu motar da yawa kan sauya su tare da fulogi da wayoyi a wajen kilomita 50,000 ba tare da jiran su mutu ba. Dalili kuwa, raunin wuta yana tura ɗanyen fetur cikin matacin hayaƙin da ke salansa, wanda makanikai ke kira indomi. Fetur ɗin ya ƙone a can, matacin ya narke ya toshe, zafi ya dawo wa injin. Ta haka koyil mai ƙaramin kuɗi kan zama sanadin sauke inji.

Abin da zai fi bai wa mai lallaɓa mota mamaki shi ne, lallaɓawar tana cutar da rotari. A injin mai giya shida akwai wasu ƙofofin iska na ƙari da ba sa buɗewa sai an haura juyi 6,000, kuma in an daɗe ba a motsa su ba, dauɗa kan maƙale su. Saboda haka ake so, bayan injin ya yi zafi, a riƙa barin sa ya hau sama lokaci-lokaci. Ana yin haka a ƙaramin giya a kan buɗaɗɗiyar hanya, ba sai an karya dokar gudu ba. Motar da aikinta shi ne daga gida zuwa ofis a cikin cunkoso, tafiyar minti goma, ita ce ta fi saurin mutuwa.

Al’adun gareji da ba su dace da ita ba

Akwai wasu dabaru da suka zama jiki a garejojinmu, waɗanda motocin fistan kan jure, rotari kuwa ba ya jurewa. Na farko shi ne cire tamostat da zarar mota ta iso, da hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Injin da aka cire wa shi yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da zuba fetur da yawa, kunkunniya ta ƙaru. Na biyu shi ne cika lagireto da ruwan famfo ko na rijiya. Ruwa tsurarsa yana cin baƙin ƙarfe, kuma ramin da zoben roba ke zaune a ciki yana daf da hanyar ruwan. In bakin ramin ya zaizaye, sabon zobe ma ba zai zauna ba.

Allurar zafi da ke gaban direba ba abar dogaro ba ce, domin an tsara ta ta tsaya a tsakiya a kan faffaɗan zango, ba ta motsawa sai abu ya yi nisa. A zafin watan Afrilu, da na’urar sanyaya ɗaki a kunne cikin cunkoso, wannan jinkiri yana iya zama asara. Ƙaramar na’urar da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari tana nuna ainihin zafin ruwan a wayar hannu, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Idan allurar ta gota tsakiya, a tsaya a kashe nan take, kada a ce bari a ƙarasa gida.

Ƙurar hunturu ma abokiyar gaba ce, domin duk abin da ya tsallake matacin iska zai je ya goga tsakanin matoshi da bango. Haka fetur. An yi injin ne don fetur mai daraja ta sama, lamba 95 a ma’aunin Turai, alhali gidajen mai a nan galibi iri ɗaya suke sayarwa. Gurɓataccen fetur yana sa wuta ta fashe kafin lokacinta, kuma irin wannan bugu shi ke karya matoshin kusurwa. Mai rotari ba ya tsayawa wurin ’yan bumburutu.

Lissafin fetur

Alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka sun nuna RX-8 mai giyar hannu tana yin mil 16 a galan cikin gari, 22 a babbar hanya. Idan aka juya, kimanin kilomita 7 ke nan a lita cikin gari, 9 da ɗoriya a hanya. Ma’aikacin da ke yin kilomita 40 a rana, kwana 22 a wata, zai ƙona lita 130 ko kusa da haka. Corolla ta 2010 mai inji 1.8, a ma’aunin hukumar guda, za ta yi wannan zirga-zirga da lita 80. Tazarar lita 50 ce duk wata, ban da baƙin mai. Tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowa na iya ninka wannan da farashin gidan man unguwarsu ya ga abin da ya fito.

Sauye-sauye: da me za a fara?

Masu sha’awar irin wannan mota ba sa barin ta yadda ta zo, amma akwai tsari. Kuɗin farko ya tafi wurin abin da zai tsawaita ran injin: sabon lagireto, sababbin bututun ruwa, fankoki masu aiki, ingantattun koyil, batir mai ƙarfi, da sitata mai saurin juyi, domin ta motocin farko tana da rauni har kamfanin ya fito da wadda ta fi ta. Bayan haka sai tayoyi masu kyau da birki, waɗanda su ne ke fito da abin da motar ta fi ƙwarewa a kai.

Neman ƙarin ƙarfi kuwa, a Renesis ribarsa kaɗan ce. Kamfanin ya riga ya tatse kusan duk abin da ke ciki. Buɗaɗɗen matacin iska yakan jawo iska mai zafi da ƙura, babbar salansa kuma ƙara take ƙarawa fiye da gudu, ga shi rotari da ma mai tsawa ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Faɗaɗa ƙofofin iska, wanda ke ba da riba mai yawa a tsofaffin injinan RX-7, a nan yana da iyaka, saboda ƙofofin hayaƙin Renesis suna jikin faifan gefe ne, kusa da hanyar ruwa. Ɗora turbo kuma kasada ce, domin matsin injin ya kai kashi 10 bisa 1, wanda ya yi yawa ga iskar da ake turawa da ƙarfi, sai in akwai ƙwararren mai saita ƙwaƙwalwa da fetur da aka amince da shi.

RX-7 ta zamani na uku labarinta daban ne. Ta zo da turbo biyu masu aiki bi-da-bi, ta fara da doki 255 a Japan ta ƙare da 280. Tana karɓar ƙari sosai, amma tarin ƙananan bututun roba da ke sarrafa turbo ɗin sukan bushe su tsage saboda zafi, shi ya sa da yawa kan mayar da ita mai turbo ɗaya babba. A Amurka shekara uku kawai aka sayar da ita, 1993 zuwa 1995, kuma yanzu ta zama abin tarawa, farashinta ya yi sama.

Akwai kuma masu cire rotarin su dasa injin fistan. A Amurka an fi dasa V8 na Chevrolet. Aikin ya wuce walda da ƙera mazauni, domin sitiyarin RX-8 na lantarki ne, shi da allon gaban direba duk suna karɓar saƙo daga ƙwaƙwalwar injin asali. In ba a warware wannan ba, za a sami mota mai tafiya amma sitiyari ya yi tauri, allurai sun mutu, daidaiton nauyin da aka saye ta dominsa ya tafi.

Idan injin ya kwanta

Kowane rotari yana da ranar da za a buɗe shi. Injin fistan idan ya gaji ana kai shi wurin masu injin gundura su faɗaɗa silinda a sa fistan mai girma. Gidan rota ba a yi masa haka, domin bangonsa yana da wani siririn shafe mai tauri, in ya karce ko ya ɓare sai dai a sayi sabo. Shi ya sa buɗe injin da wuri, lokacin da matsi ya ragu amma ba abin da ya karye, ya fi araha nesa ba kusa ba. Matoshin da ya karye yana tafiya, yakan yage gidan rota da ita kanta rotar kafin ya fita.

Kayan gyara ba su ƙare ba. Mazda na ci gaba da ƙera sassan wannan inji a Hiroshima, a 2020 ya sanar da dawo da ƙera wasu kayan RX-7 da suka yanke, a 2023 kuma ya sake fito da ƙaramin rotari mai rota ɗaya da ke cajin batir a motar MX-30. Sai dai kusan komai odarsa ake yi daga waje da kuɗin ƙetare, a kuma jira makonni. Haɗa injin yana bukatar awo na ƙasa da kaurin gashi, don haka tambayar da za a yi wa makanike ita ce guda nawa ya taɓa haɗawa, kuma ina motocin suke yanzu.

Wa ta dace da shi?

Ba ta dace ta zama motar gida tilo ba. Ƙasanta yana kusa da titi, tudun rage gudu da ramukan damina za su riƙa dukan ta, wurin sanyaya baƙin mai kuma yana nan a bakin bamba. Ba ta dace da ma’aikacin da zai ci bashin ƙungiyar adashi ya saya ba, ko ɗan kasuwar da zai taɓa jarinsa, domin ranar da ya tashi sayarwa masu tayi kaɗan ne, su ma sun san abin da za su tambaya.

Ta dace da wanda ke da wata motar ta zirga-zirga, yake da buɗaɗɗiyar hanya kusa da shi, ya riga ya samo makanikensa da hanyar samun kaya tun kafin ya samo motar, kuma ya ware kuɗin sake gina inji a gefe ya ɗauke su a matsayin wani ɓangare na farashi. Hanya mafi sauƙi ta gane ko cinikin ya yi ita ce a haɗa kuɗin saye da na gina inji da na fetur ɗin shekara guda a takarda ɗaya. In jimillar ba ta tayar wa mutum da hankali ba, sai ya nemi lambobin matsi guda shida, ya karanta su da idonsa, sannan a shiga maganar farashi.